Dan Allah wai alkama tana cutarwa ne ko zance ne kawai?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Kusan wata shida kenan duk sanda na ci burodi ko wani abu na fulawa sai cikina ya kumbura tim kamar ganga, ga iska ga murɗawa, wataran har siket sai na sassauta kafin in iya zama, ga kasala kamar wadda aka yi wa duka. To ƙawata ta turo min bidiyon wani yana cewa wai alkama guba ce, gulutin ɗin cikinta na lalata hanjin kowa. Na daina ci sati biyu kuma gaskiya naji sauƙi. Yanzu in hana yarana ma ko kuwa? Wallahi abin ya dame ni.

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki daina kawai, ni shekara guda rabona da ita tumbina ya sauka jikina ya yi sakayau. Alkamar yanzu ba irin ta da bace, tun shekarun 1960 da su Norman Borlaug, wani masanin noma ɗan Amurka, suka fito da mai gajeren kara aka canza komai.

Anti Nas:
'Yar uwa sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Malam Baban Ilham ka yi haƙuri amma wannan shawarar zata iya cutar da ita. Akwai cuta ta gaske sunanta siliyak, tana kama kusan mutum 1 cikin 100, idan mai ita ya ci gulutin, wato furotin ɗin da ke cikin alkama da sha'ir wanda ke sa ƙullin fulawa danƙo, sai garkuwar jikinsa ta juya ta afka wa ƙaramin hanji, 'yan gashi-gashin nan da ke tsotsar amfanin abinci su kwanta su shafe, shi yasa zaki ga mutum yana ci amma jini baya isarsa, yaro kuma ya ƙi girma. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙar, lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsu daga 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya yaran da yake dubawa suka farfaɗo, da burodi ya dawo ciwon ya dawo.

Abin da yafi damuna shine kin daina ci kafin gwaji. Gwajin jinin da ake yi, tTG-IgA, sai kina cin alkamar yake nunawa, in kin daɗe da dainawa zai iya fitowa lafiya lau alhali cutar na nan. Ki je wajen likita ki faɗa masa ranar da kika daina. Kasalar nan taki ma a duba miki jini. Yara kuwa kar ki hana su komai tukuna, sai in an same ki da ita, sannan a gwada su sabda tana bin jini.

Ɗalibi:
Anti ta gama magana. Ƙari kawai, a jami'ar Monash ta Ostireliya sun yi bincike a 2011 suka ga kamar gulutin na damun wasu da basu da siliyak, su da kansu suka sake a 2013 da tsari mai tsauri sai basu ga hakan ba. Zargi ya koma kan furuktan, wani nau'in sukari da ke cikin alkama da albasa da tafarnuwa, hanji baya narkar da shi sai ƙwayoyin cikin babban hanji su cinye su saki iska. Kuma Malam, wanda ya bar fulawa ai ya bar kek da biskit da sukarin cikinsu, dole tumbi ya sauka.

Maman Biyu:
Ikon Allah, albasa ma tana min haka in na ci ɗanya! Nagode Anti, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin insha Allahu zan je, kuma na tuna mahaifiyarmu kullum ana ce mata jininta ya yi ƙasa, zan faɗa wa likitan wannan ma.