Shin takardar tambayoyi za ta iya auna wahalar matar da ke jinyar surukarta?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Ni a ganina ma'aunin Zarit, wato takardar tambayoyin da ake auna wahalar masu jinya da ita, bai dace da iyalan Indiya, Pakistan da Bangladesh ba. A Amurka aka fito da shi a 1980 domin masu kula da tsofaffin da cutar mantuwa ta kama. Wanda aka fi amfani da shi tambayoyi 22 ne, kowacce maki 0 zuwa 4, jimilla 88. Har da tambayar ko kana fatan ka bar wa wani jinyar. Wace mata ce a Lahore za ta yarda ta ce eh?

Anti Nas: Gaskiyarka, ƙanena. A Bradford ta Ingila nake aiki, ina shiga gidajensu. Matar ɗa ce ke yi wa uwar miji wanka, ta tashi tsakar dare ta canza zanen gado, da asuba ta shirya yara makaranta, bayanta na ciwo. Ka fito da takardar, miji na zaune a gefe yana tafinta, sai ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. Maki ya fito kaɗan, a rubuta cewa ba ta buƙatar taimako. Abin yana ci mini rai.

Malam Likita: Anti, ai abin da kika faɗa laifin mai tambaya ne. Wa ya ce a zaunar da miji? Masu binciken 10/66, wata ƙungiyar nazarin cutar mantuwa, sun yi amfani da Zarit a Indiya, kuma wahalar ta fito fili, ba ta gaza ta ƙasashen Turai ba. Su ma Indiyawan suna da nasu: Pai da Kapur sun tsara wani a 1981 mai bin diddigin asarar kuɗi, rushewar harkokin gida da lafiyar sauran iyali.

Ɗalibi: To Malam, da na Amurka ya wadatar, me ya sa suka yi nasu?

Malam Likita: Nasu na iyalan masu taɓin hankali ne, kuma gidan gaba ɗaya yake dubawa.

Hajiya: Ni abin da ban gane ba, tun yaushe hidimar iyaye ta zama nauyin da ake sa wa maki? Lada ce fa.

Anti Nas: Lada ce, Hajiya, Allah Ya ba mu ikon yi. Amma mai neman lada ma jikinta na gajiya. A Birtaniya akwai alawus na mai jinya, ga wanda ke yin aƙalla awa 35 a mako. Da yawa a cikin matan nan sun wuce haka nesa, amma ba sa nema, don ba su ɗauki kansu masu jinya ba, kuma ma'aikata sun saba cewa 'yan Asiya suna kula da nasu. Shi ya sa nake jan matar zuwa kicin ita kaɗai, in tambaye ta awa nawa ta yi barci jiya, yaushe rabonta da gidan iyayenta, wa ke karɓarta idan zazzaɓi ya kwantar da ita. Malam, wannan ba ya cikin tambayoyi 22 ɗin.