Mun samu kuɗin koya wa matasan ƙauyenmu sana'a, amma ina tsoron a maimaita na baya

Magatakardan_Matasa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ne magatakardan wata 'yar ƙungiyar matasa a ƙauyenmu, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai kwanakin nan. Na kawo shi nan ko Allah zai sa a samu wanda ya taɓa riƙe irin wannan aiki.

Shekarun baya wata ƙungiya daga birni ta zo ta koya wa samari da 'yan matanmu ɗinki. Aka yi bikin yaye su, aka ba kowa takardar shaida da keken ɗinki, aka ɗauki hotuna, suka kama hanya. Tun daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Yau in ka zaga gidaje, kekunan da ake takawa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wasu an sayar, wasu suna lulluɓe da tsohon zane a lungun ɗaki. Na ƙanwata yana nan, bel ɗinsa ya tsinke, an jera kwanuka a kansa. Kuma wallahi ba ƙyuya gare ta ba, ta iya yanka, ta iya haɗawa. Teloli ne suka yi wa gari ɗaya yawa a lokaci guda, alhali mutane sun riga sun saba da tsofaffin telolinsu.

Yanzu 'yan garinmu da ke aiki a birni sun haɗa kuɗi sun danƙa mana, suka ce a sake koya wa matasa sana'a don su tsaya da ƙafarsu a gida. Kuɗin ba su da yawa, kuma gumin mutane ne. A taron da muka yi kai ya rabu: wasu sun ce a ɗauko malami a buɗe aji, wasu sun ce a raba wa yaran kuɗin kowa ya ja jari, wasu kuma sun ce a tura su birni su koyo. Ni dai abin da nake so in ji daga waɗanda suka sani: ta yaya ake zaɓen sana'ar da za ta ci a ƙauye? Kuma tsakanin koyarwa da kayan aiki, ina ya kamata kuɗin su fi tafiya?

Tsohon_Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni ban yi zurfi a karatu ba, gyaran injin ban-ruwa da babur nake yi, amma yara da dama sun fita daga hannuna, kuma na ga waɗanda suka tsaya da waɗanda suka watse.

Kada ku zaɓi sana'a a zaune a wurin taro. Ranar kasuwa ka ɗauki littafi da biro ka tsaya inda ake hawa mota, ka dinga tambayar mutane abin da suka ɗauko. Wannan ya rungumo injin ban-ruwa a buhu, wancan wayarsa ta ƙi caji, wata fitilar solarta ta mutu, wani kan injin niƙa zai kai a yi masa walda. Duk abin da mutanenku suke biyan kuɗin mota su kai wani gari gyara, sana'a ce da babu mai ita a garinku. Ka yi haka sau da yawa, rani da damina idan da hali, za ka ga littafin da kansa ya gaya maka abin da za a koya. Sannan kowace sana'a kada ta wuce mutum biyu, in ta yi yawa uku. Ka riga ka ga abin da yawan teloli ya jawo.

Maganar buɗe aji kuwa, ni ba na goyon baya, sai dai don lissafi da rubutu. Injin da ake koya wa yaro a aji sabo ne, lafiyarsa ƙalau. Wanda manomi zai kawo masa kuwa ya sha laka, an ɗaure wani gefen da roba, wani ya riga ya kwance shi ya mayar ba daidai ba. Misali injin ya tashi, yana ƙara lafiya lau, amma ruwa ya ƙi hawa. Yaron aji zai fara kwance kan injin. Wanda ya zauna a gareji ya san ya fara duba ko an cika tukunyar famfon da ruwa kafin a tayar, sannan ya bi tiyon da ke zuƙo ruwa da tafin hannunsa yana neman inda iska take shiga, sannan ya duba sil ɗin ko ya cinye. Sau da yawa 'yar ƙaramar huda ce a tiyo. Irin wannan sai an tsuguna kusa da mai yi, ana gani ana taɓawa, wata da watanni.

Don haka ku nemi masu sana'a na kirki a garuruwan da ke kusa ku kai musu yaran. Amma kada ku biya maigidan kuɗinsa duka tun farko. Wasunmu, in faɗa maka gaskiya, in sun karɓi kuɗi sai yaro ya ƙare a aike da wankin ƙarafa. Ku raba biyan kashi-kashi, duk bayan 'yan watanni wani daga cikinku ya je ya ce a ba yaron aiki ya yi a gabansa, in ya yi a biya kashi na gaba.

Kayan aiki kuma a saya wa yaro tun yana tsakiyar koyo, ya saba da sifanarsa da fulayarsa, kada a jira ranar biki. Kuma ku ware wani abu don kayan gyara na farko: filogi, sil, bel, 'yan notuna. Bakaniken da ba shi da filogi ko ɗaya a akwatinsa, dole ya ce wa mai injin ya dawo jibi, shi kuwa mai injin shukarsa tana bushewa, ba zai jira ba.

Malamar_Tattali ta amsa:

Baba Bakanike ya gama rabin maganar. Bari in ƙara da abin da aka gwada a wasu ƙasashe, don tambayarka ta biyu an yi bincike a kanta sosai.

A 2008 gwamnatin Uganda ta yi wani shiri a arewacin ƙasar. Matasa suka haɗu rukuni-rukuni, kusan mutum 20 a kowane, suka rubuta sana'ar da suke so su koya da kayan da za su saya: ɗinki, kafinta, aikin ƙarfe, gyaran gashi da makamantansu. Aka yi ƙuri'a tsakanin rukunonin da suka cancanta, waɗanda suka ci aka ba su kuɗi a hannu, kimanin dala 382 ga kowane mutum, kyauta. Mutane da yawa sun zaci za a cinye kuɗin. Amma kaso mafi tsoka ya tafi kan kayan aiki da kayan sarrafawa, kaɗan ya tafi kan kuɗin koyo. Bayan shekara huɗu, abin da suke samu ya fi na waɗanda ba su ci ƙuri'ar ba da kashi 38 cikin ɗari. Sai dai da masu binciken suka koma bayan shekara tara, sun tarar waɗancan ma sun kamo su a wajen samun kuɗi, ko da yake waɗanda aka ba jarin sun fi su kadarori kuma sun fi su zama cikin sana'ar hannu. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne jari yana gaggauta wa matashi hanyar da da sai ya yi shekaru yana tari kafin ya hau ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekara ashirin da 'yan kai. Amma kada ku yi wa masu ba da kuɗin alkawarin cewa yaran za su zama attajirai.

Ɗayan misalin daga Indiya yake, kuma shi ya fi kama da ciwon da ka faɗa, na zuwa a ɗauki hoto a ɓace. A 1982 aka kafa wata cibiya mai suna RUDSETI a garin Ujire da ke jihar Karnataka, da haɗin gwiwar wata gidauniyar addini da bankuna biyu, Syndicate da Canara. Daga 2009 gwamnatin ƙasar ta ɗauki tsarin ta yaɗa shi gunduma-gunduma da sunan RSETI, banki ne ke tafiyar da kowace cibiya. Horon gajere ne, daga mako ɗaya zuwa shida, kyauta, da wurin kwana. Bayan aikin hannu ana koya musu yadda ake binciken kasuwa, fitar da farashi da mu'amala da banki. Abin da ya fi burge ni shi ne bayan an yaye mutum ana bibiyarsa har shekara biyu, ana zuwa a ga ko ya fara, me ya tsayar da shi, a taimaka masa ya nemi rance.

Makonni shida ba za su fitar da bakanike irin wanda Baba yake nufi ba, wannan a fili yake. Amma bibiyar nan kuna iya yin ta ba tare da banki ba. Ku rage yawan yaran, ku ware wani kaso na kuɗin ga mutum ɗaya mai haƙuri da zai riƙa zagaya su kowane wata yana duba littafinsu na shiga da fita. Yawancin masu sabuwar sana'a ba sa raba kuɗin aiki da na aljihu, sai su wayi gari sun cinye uwar kuɗin suna zaton riba ce.

Inna_Mai_Ɗinki ta amsa:

Ɗana, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Ni ina da ja a kan maganar rance da Malama ta ambata. Yaron da bai taɓa riƙe kuɗin kansa ba, kada a fara shi da bashi. Wata na farko da na biyu ba ya samun ciniki, ga ranar biya ta zo, abin da zai fara sayarwa shi ne kayan aikin. Na ga haka da idona a wurin mata da yawa. Ku ba su kayan a matsayin aro daga ƙungiya, in mutum ya cika shekara yana aiki da su sun zama nasa, in ya watsar a karɓa a ba wani.

Sannan ku tuna da 'yan mata tun wajen tsara abin. In wurin koyon ya yi nisa, ko an sa shi a lokacin da aikin gida ya fi yawa, ko babu mai riƙe wa mace goyonta, za ta fara da zafi ta daina a mako na uku, a ce ba ta da himma. Kuma kada a ce mace sai ɗinki da saƙa. Gyaran waya da haɗa fitilar sola aikin zaune ne mai son nutsuwa, kuma mata sun fi sakin jiki su miƙa wayarsu ga 'yar'uwarsu mace.

Kekunan nan da ke lulluɓe ma kada ku yafe su. Bel da allura da mai ba su da tsada. Ku tara waɗanda suka iya, ku je wa makarantun da ke kewayenku da maganar ɗinkin kayan makaranta, aiki ne da ake buƙata duk shekara kuma tela ɗaya ba ya iya shi.

Malamar_Tattali ta sake amsawa:

Inna, na karɓi gyaranki, musamman ga marasa ƙarfi sosai. Ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ma da ta shahara da ba da ƙananan rance, a 2002 ta fito da wani tsari dabam don mafiya talauci: a ba mutum abin da zai juya kyauta, kamar dabba, a koya masa kula da shi, a ba shi ɗan abin ɓatarwa na wani lokaci don kada yunwa ta sa ya sayar, a riƙa ziyartarsa kusan shekara biyu. An gwada irinsa a ƙasashe shida, Habasha, Gana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, aka fitar da sakamakon a 2015, kuma a biyar daga cikinsu ribar ta fi abin da aka kashe. A Honduras ne abin bai yi kyau ba, saboda kaji aka raba wa mafi yawansu, cuta ta shiga ta kashe da yawa. In akwai masu son kiwo a cikin yaranku, a sa kuɗin rigakafi a lissafi tun farko, kuma kada kowa ya rungumi iri ɗaya.

Magatakardan_Matasa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena da Malama. Zan karanta wa 'yan kwamiti wannan duka. In muka bi shawararku, kuɗin ba za su ɗauki fiye da kaɗan daga cikin masu so ba, kuma a nan nake jin tsoro. Gari ne da kowa ɗan'uwan kowa ne. Tun yanzu an fara tare ni a hanya ana cewa kada in manta da wane. Ta yaya za mu zaɓa ba tare da an ce mun yi son kai ba?

Tsohon_Bakanike ya amsa:

Kada ku zaɓa da bakinku, ƙanena. Duk mai so a rubuta sunansa, a kai shi wurin mai sana'ar ya yi wata ɗaya na gwaji, ba a saya masa komai ba, sai dai ɗan kuɗin mota in wurin da nisa. Maigidan ya riƙa sa alama a takarda duk ranar da yaro ya zo da lokacin da ya zo. Kafin wata ya ƙare wasu za su janye da kansu, don an tilasta musu ne ko kuma kayan kawai suke hange. Waɗanda suka rage, ku haɗa takardar zuwansu da abin da maigidan ya gani a hannunsu, ku ɗauki adadin da kuɗinku zai iya, sauran su jira zagaye na gaba a jerin da aka manna kowa yana gani. Wannan sharaɗin ku karanta shi a gaban iyaye da dattawa a taro, su amince da shi kafin a rubuta sunan ko mutum ɗaya, kuma 'ya'yan 'yan kwamiti ma su bi ta wannan ƙofar.