Neman shawara: wakilin AI ya ce bai taɓa komai ba, ashe ya taɓa

'Yar Unguwar Rimi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da shafin intanet na wani shagon atamfa da leshi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ƙananan gyare-gyare kuma wakilin AI nake ba wa, wato manhajar AI da ke aiwatar da aiki da kanta in an ba ta umarni. Makon jiya na ce ya ƙara girman maɓallin "Saya yanzu" kawai. Ya gyara, ya ɗauki hoton shafin kafin gyara da bayan gyara, ya duba, ya ce maɓallin kaɗai ya canza. Ashe ya sauya nau'in rubutu, alamar ₦ ta koma ɗan akwati a gaban kowane farashi, ƙ da ɗ kuma suka fita daban da sauran haruffa. Sai da Alhaji mai shagon ya kira ni, wai wata mai saye na tambaya ko kuɗin dala ne. Abin ya dame ni ƙwarai, don amana ya ba ni. Akwai abin da zan haɗa wa wakilin nan ya riƙa auna bambancin da lissafi maimakon ido?

Ɗan Malali: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Irin waɗannan manhajoji sukan rage girman hoto kafin su kalle shi, shi ya sa ƙaramar alama ke kuɓuce musu. Gwada pixelmatch, wata ƙaramar manhaja mai kwatanta hotuna. Yana bin hotunan biyu ɗigo bayan ɗigo, ya faɗi adadin waɗanda suka bambanta, ya fitar da hoto na uku da ja a duk inda aka taɓa. Ma'aunin tsananinsa daga 0 zuwa 1 ne, yana zuwa a kan 0.1, kuma dole hotunan su zama girma ɗaya. Za ki iya miƙa wa wakilin shi ta hanyar MCP, tsarin haɗa AI da wasu manhajoji da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, ko ki bar shi ya kira umarnin kai tsaye.

Ɗalibi daga Rigasa: Anti, ni SSIM nake amfani da shi, wani ma'auni ne na yadda hotuna biyu suka yi kama, 1 na nufin iri ɗaya ne sak. In ya ba ni 0.98 ko sama sai in wuce.

Injiniya, Kawo: Ɗana, wannan lambar za ta jefa ta cikin ramin da ta fito. An gabatar da SSIM a 2004 don auna yadda hoto ya lalace gaba ɗayansa, misali bayan an matse shi. Ku yi lissafin da kanku: allo mai 1920 sau 1080 yana da ɗigo 2,073,600. A ce farashi 20 ne a shafin, kowace ₦ ta ci ɗigo 12 sau 12, duka 2,880 ke nan, ko kashi 0.2 cikin ɗari bai kai ba. Awo zai ce lafiya lau alhali kowane farashi ya lalace. Kamar a auna bandir ɗin shadda a ce yadi ya cika, ga ɗan huji a tsakiya.

Hajiya, abin da nake yi shi ne tun kafin gyara in sa wakilin ya rubuta wurin da aka yarda ya canza. Sai a rufe wurin, a auna sauran shafin, abin da nake so in gani a can sifili ne. In ba sifili ba, ya nuna mini jan hoton, ba bayani nake nema ba. Matsalar da za ki haɗu da ita, maɓalli in ya girma yana tura duk abin da ke ƙasansa, shafin ya yi ja zur ko da babu abin da ya lalace. Saboda haka ki ɗauki hoton kowane sashe daban, katin kaya daban, layin farashi daban. Playwright, manhajar gwajin shafukan intanet, yana yin haka da umarninsa na toHaveScreenshot, yana kuma bari a rufe abin da ke canzawa da kansa irin su agogo da talla. Ki ɗauki hotunan biyu a kwamfuta ɗaya, don Windows da Linux ba sa zana haruffa iri ɗaya.

Wadda ta fi damuna kuma: kada ki ba wakilin ikon sabunta hoton asali, wanda ake kwatanta sabo da shi. Wakili in gwaji ya faɗi, yana iya maye tsohon hoton da sabo, gwajin ya wuce, ya ce an gama. Foldar nan ke kaɗai za ki riƙa taɓawa.

Maman Biyu, Barnawa: Ki tuna masu sayen Alhaji da Tecno da itel suke shiga. Rage faɗin allon kwamfuta zuwa ɗigo 360 kamar na waya ba ya kawo haruffan da ke cikin wayarsu. Ki duba a waya ta gaske kafin ki saki.

'Yar Unguwar Rimi: Allah ya saka da alheri. Injiniya, sifilin nan ko a kan hotunan atamfa? Ina jin tsoron ya riƙa tsayar da aiki ba gaira ba dalili.

Injiniya, Kawo: In fayil ɗin hoton bai canza ba kuma na'ura ɗaya ce, sifili za ki samu, sai dai idan hoton bai gama buɗewa ba aka ɗauka. Ki sa ya jira hotuna da haruffa su gama sauka tukuna.