Za mu cire wa Baba dish mu koma intanet, me kuka gani?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mu 'ya'yan gida ne ke haɗa kuɗin dikodar Baba duk wata, kuma abin ya fara yi mana nauyi. Ƙanena ya ce a daina biya, a sayo akwatin nan na Android a jona wa talabijin, tunda komai yanzu yana YouTube. Wanda ya gwada ya taimaka.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Me Baba yake kallo tukuna?

Maman Khalifa: Labarai, sallar Harami da tafsiri. Hajiya kuma finafinan Hausa masu dogon zango, ba ta bari su wuce ta.

Baban Ummi: To kada ku taɓa dish ɗin nan, biyan kawai za ku daina. Ku sayi risiba ta tashoshin kyauta, ku kira mai saita dish ya juya farantin, wataƙila ya ce sai an sa babba. Tashar Makka da ta Madina kyauta ake kama su dare da rana, haka Sunnah TV. Arewa24 ma tun da aka buɗe ta a 2014 ana samunta ba tare da biya ba. Dattijon da ya saba danna lamba biyu a rimot ya kishingiɗa, kada a ɗora masa neman abu a intanet. Ranar da sabis ya yi ƙasa, hoto ya tsaya cak ana tsakiyar karatu, ransa ne zai ɓaci, ku kuma kuna wurin aiki.

Injiniya: Na goyi bayan Baban Ummi. Anti, abin da ƙaninki bai lissafa ba shi ne data. Akwatin sau ɗaya za a saya, data kuwa kullum ce. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya a matsakaicin hoto tana cin kusan 1GB, mai tsabta sosai har 3GB. Babbar talabijin kuma ba waya ba ce, in kika rage ingancin hoto sosai fuskoki sai su dusashe. Ga shi a Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Gidan da talabijin ke kunne daga la'asar zuwa sha ɗayan dare, in aka mayar da shi intanet zalla, kuɗin da kuke gudu shi za ku tarar a gaba.

Maman Khalifa: Ikon Allah. To Hajiya fa? Wasu shirye-shiryenta a YouTube kaɗai suke fitowa.

Injiniya: Nata mai sauƙi ne. A saka garaɓasar dare, a sauke mata sabon fitowa cikin manhajar YouTube ɗin kanta, a zaɓi ƙaramin ingancin hoto na 360p, da safe ta kalla ba data. In ta fi son babban allo, a sayi akwatin, amma ranar shirinta kawai za a kunna masa hotspot. Ku nemi wanda ke da lasisin Google, akwai na bogi da yawa a kasuwa masu zafi da daskarewa. Ku sa mai shago ya jona ya buɗe YouTube a gabanku kafin ku ba da kuɗi.

Anti Malama: Ni yaran gidan nake ji. Tashar talabijin tana da masu duba abin da za a saka da lokacin da za a saka shi. YouTube kuwa in bidiyo ya ƙare wani yake jawowa da kansa, kafin ki idar da sallah yaro ya faɗa inda ba ki zata ba. Ku kashe wannan maɓallin na ci gaba da kansa, yara a buɗe musu YouTube Kids. A Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango kan batun kai su tantancewa, to wannan na gida ke nan da hannunta ke kaiwa. Na waje sai dai uwa ta sa ido.

Ɗan Maraɗi: Ina wuninku. Mu nan Nijar dole ce ta koya wa tsofaffi waya. A Agustan 2023 aka dakatar da RFI da France 24, a Disambar 2024 aka dakatar da BBC na wata uku. Kawuna bai yi boko ba, amma da aka nuna masa alamar makirfo a YouTube, yanzu magana kawai yake yi ya nemo wa'azin da yake so. Saboda haka kada a yanke cewa Baba ba zai iya ba. A bar masa dish, a riƙa nuna masa wayar a hankali, musamman da azumi da malamai da yawa ke tafsiri kai tsaye a Facebook.

Abban Sadik: Roƙona ɗaya, don na yi aikin tace hoto a masana'antar finafinan Hausa. Da can Ƙofar Wambai ake kai fim, a buga faifai, 'yan kasuwa su saya, furodusa ya mayar da kuɗinsa. Wannan kasuwar ta mutu. Yanzu abin da ke biyan mai kyamara da mai haske da mai dafa wa 'yan lokeshan abinci shi ne tallar da ke fitowa a YouTube da ta kamfanonin da ake sakawa cikin shiri. In aka je shagon tura finafinai aka cika memori, mai shago ne ya samu, wanda ya yi wahalar ko sisi. Don Allah a kalla a tashar masu shirin, ba ta waɗanda ke kwafewa su sake ɗorawa ba. Mai hali kuma ya duba Arewa24 On Demand.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri, na gamsu. Risibar kyauta ga Baba, saukewar dare ga Hajiya, akwatin sai ƙarshen wata. Injiniya, in an ɗauke wuta ƙaramar solar gidan za ta ɗauki talabijin da risiba?

Injiniya: Duba takardar da ke manne a bayan talabijin ɗin, za ki ga lamba da W a gefenta. Turo min hotonta da na batirin, in lissafa miki awa nawa za su yi.