Wai aikin ɗan sanda ne rabon ruwa da share hanya bayan guguwa?

Ɗan_Gwandu92:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah a taimaka a raba mana gardama. Jiya da dare muna majalisa a nan Birnin Kebbi wani abokina ya nuna mana bidiyo a Facebook, wani gari ne na bakin teku a Amurka mahaukaciyar guguwa ta yi masa kaca-kaca, gidaje sun koma tarin katako, har jirgin ruwa ga shi kwance a tsakiyar titi. Sai ga 'yan sanda sun ja motoci gefe suna sauke katan-katan ɗin ruwan gora, wani na riƙe da injin yanka itace yana datse bishiyar da ta tare hanya, wani ya goyo tsohuwa a baya. To nan fa musu ya kaure, wasu suka ce duk don kyamara ce, wasu suka ce a'a aikinsu ne. Ni abin ya shafe ni don ƙanena bara ya shiga ɗan sanda. Shin wannan dole ce a kansu ko ganin dama? Kuma mu nan da ruwa ke cinmu kusan duk damina me ya hana mu ga irinsa?

Malamin_Jogirafi:
Wa alaikumus salam. Ba wasan kwaikwayo ba ne ɗan'uwa, ko da yake ba a rasa mai son a ɗauke shi hoto ko'ina. Ka fara gane irin bala'in tukun. Ba a ma kiranta mahaukaciyar guguwa sai iskarta ta kai gudun kilomita 119 a awa ɗaya, mafi muni kuwa tana wuce 250. Abin da zai ba ka mamaki da yawansu daga wajenmu suke somawa, hadarin nan da ke tasowa daga gabas ya ratsa Afirka ta Yamma, in ya faɗa tekun Atilantika ya tarar da ruwa mai ɗumi sai ya yi ta ƙiba yana juyi har ya isa can. Lokacinsu Yuni zuwa Nuwamba, kusan tare da daminarmu.

Kuma ba iskar ce ta fi kisa ba, ruwa ne. Guguwar na tunkuɗo teku ya hau tudu. A guguwar da aka sa wa suna Katrina, 29 ga Agustan 2005, ruwan da ya hau gaɓar jihar Misisipi ya wuce mita 8 a wasu wurare, a Niyu Olins kuma jingar da ke tare ruwa ta fashe kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, sama da mutum 1,300 suka mutu. To a rana irin wannan babu wuta babu sabis babu hanya, wa ke da mota da oba-oba da mutane masu bin umarni? Shi ya sa aikin yake faɗawa kan 'yan sanda. Su buɗe hanya, su sa dokar hana fita, su shiga gida-gida, in an duba gida a fesa masa alamar X da fenti a rubuta ranar da aka duba da adadin wanda aka samu a ciki, don kar wata tawaga ta sake ɓata lokaci a kansa. Suna ma da yarjejeniya tsakanin jihohi tun 1996, jihar da abin bai shafa ba ta turo nata ma'aikatan da motocinsu, daga baya a biya ta kuɗin da ta kashe.

Baba_Ritaya_Argungu:
Malam ka yi bayani Allah shi biya. Ni shekara 35 na yi cikin wanga kaki kamin in aje, bari in ƙara maka abin da bidiyo ba ya nunawa yaro.

Na ɗaya, ɗan sandan garin shi ma ruwan ya ci shi. Gidanshi na ciki, matatai da ɗiyanshi na ciki, ofishin ma wani lokaci ya nutse da motocin duka. Kana tsaye bakin aiki hankalinka na gida. Don haka ne turo na waje ke da amfani, su riƙe wurin kai ka je ka ga ko naka na da rai.

Na biyu, duk aikin nan babu mai wuya irin tsaron wurin rabo. Wallahi gara a ce ka bi ɓarawo daji. Mutane sun kwana biyu ba su ci ba, mota guda ta zo da shinkafa buhu kaɗan, samari masu ƙarfi na gaba, tsofaffi da masu goyo na can baya ana take su. In ka ɗaga kulki ka zama azzalumi, in ka ƙyale a wawashe motar cikin minti biyar. Dabarar da munka koya ita ce kar ka fara sauke komi sai ka samu hakimi ko mai unguwa da liman sun zauna kusa da kai, layin mata dabam na maza dabam, a kira suna. Su sun san wa ya yi asara da wa ya zo ci banza, kai baƙo ba ka sani ba.

Amma batun ceto cikin ruwa kam gaskiya ɗaya ce, a nan Kabi ba mu ne na farko ba. Masunta ne. Kamin sigina ta kai hedikwata Sarkin Ruwa ya riga ya tura yaranshi da kwalekwale. Da yawanmu ko iyo ba mu iya ba, ka sa mutum da takalmin but da bindiga cikin gulbi ai gawa biyu za a ɗauko.

Maman_Ilham:
Baba ina wuni, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai kar a zo ana nuna mana kamar can aljanna ce, Malam ka faɗi rabi ka bar rabi. A wannan Katrinar dai 'yan sanda suka buɗe wa mutane wuta a kan gadar Danziga ranar 4 ga Satumba, mutum 6 marasa makami aka harba 2 suka mutu, ɗaya yaro ne ɗan shekara 17, aka kuma yi ta rufa-rufa, sai a 2016 biyar daga cikinsu suka amsa laifi. Wata gadar kuma 'yan sandan garin da ke tsallake suka tare ta suka hana mutanen da ke gudun ruwa wucewa, akasarinsu baƙaƙen fata. Wasu ma'aikatan ma barin aikin suka yi suka kama gabansu. Har sai da janar ɗin sojan da aka turo, Honore, ya dinga daka wa masu kaki tsawa su sauke bindigoginsu ƙasa don ba yaƙi aka zo ba.

Mu kuma ambaliyar 2020 da ta kwashe shinkafar fadama ba zan manta ba, gonar mijina ko dami ɗaya ba mu ɗauka ba, mun yi sati uku a ajin firamare da yara ga sauro ga zawo. An zo an rubuta sunaye har sau biyu, ranar rabo wani mai kaki da ke bakin ƙofa da idona na ga yana shigar da 'yan uwansa ta baya, ni da takardata a hannu tun safe har la'asar na dawo da tabarma ɗaya da sabulu. Amma kuma don Allah in faɗi gaskiya wani yaro cikinsu shi ya ɗauki surukata a kafaɗa ya tsallakar da ita ruwa iya ƙirji, ko sunansa ban sani ba har yau.

Malamin_Jogirafi:
Hajiya ba ki yi ƙarya ba ko ɗaya, na karɓa. Kuma ko a can waɗanda suka fi fitar da mutane masu gadin teku ne da jirage masu saukar ungulu da jiragen ruwa, sama da mutum 33,000 suka kwaso, sai kuma talakawa masu ƙananan jiragen kamun kifi da suka zo da kansu ba wanda ya aike su. Kin ga maganar Baba ta fito ke nan.

Na_Yawuri:
Ku dai bar kallon Amurka. Hatsarin jirgin ruwan nan na wajen Wara a watan Mayun 2021 su wa suka yi ta nutso suna ciro mutane kwana da kwanaki? Mutanen bakin ruwa ne. Ba mu da teku amma muna da Kwara, kuma duk shekara an san watan da take cika, ba kamar girgizar ƙasa ba ce da ke zuwa ba sallama. Ni abin da nake gani kowane ofishin 'yan sanda da na sibil difens da ke bakin gulbi tun daga Bagudo har Ngaski a aje masu jirgi mai inji ko guda ɗaya da rigunan ruwa, DPO ya riƙe lambar Sarkin Ruwa tun kafin Agusta. Ku tuna Maiduguri a Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, katangar gidan yari ta faɗi fursunoni sama da 270 suka fice, namun gidan zu suka shigo gari, ga mutane kan rufin kwano. Wanne ɗan sanda zai fara bi in ba a tsara tun farko ba?

Ɗan_Gwandu92:
Kai na gode ƙwarai, yau zan kai wa 'yan majalisa wannan. Maman Ilham Allah ya mayar da alheri. Baba ranka ya daɗe tambaya ɗaya ta ƙarshe, shi ƙanen nawa yanzu haka wani gari na bakin ruwa aka tura shi kuma ko a kududdufi bai taɓa iyo ba, me zan ce masa?

Baba_Ritaya_Argungu:
Ce mai ranar da ba ya duti ya sayi goro ya tai gaida Sarkin Ruwan garin, ya roƙa a haɗa shi da yaro guda ya koya mai tun yanzu da rani ruwa na ƙasa. Kuma in ya shiga jirgi ya kwance igiyar but ɗinshi.