Waƙafi kafin "and": kuskure ne ko ganin dama?

Malam Umaru: Assalamu alaikum. Ina duba rubutun 'yan ajin ƙarshe, sai ga wani yaro ya rubuta "We sell millet, rice, and onions." Na zagaye waƙafin da ya sa kafin "and" da jan biro. Tun muna firamare anka koya muna ba a sa shi nan, don "and" ɗin ya riga ya yi aikin rabawa. Yaro ya ce a littafi ya gani. Ni dai kuskure na ɗauke shi, kuma ina nan kan bakana.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Allah shi gafarta Malam, yaron nan bai yi laifi ba. Maɗaba'ar Jami'ar Oksfod da kanta tana sa wannan waƙafin a littattafanta, har da sunanta ake kiransa. Yawancin masu buga littattafai a Amurka ma suna sa shi. Jaridun Ingila ne galibi ba su sawa, mu kuma irin nasu munka taso da shi. Kowane gida da tsarinsa.

Malam Umaru: To mu a nan Sakkwato tsarin wa muke bi? Ba na Ingila ba?

Bello: Malam, Oksfod ɗin ai a Ingila take.

Malam Umaru: Bello, ban manta da kai ba, har yau bakinka bai mutu ba.

Bello: Tuba nake, ranka shi daɗe. Amma a duba wannan: "I travelled to Illela with my wives, Sani and Garba." Wanda bai san ni ba zai ɗauka sunan matana Sani da Garba. In na sa waƙafi bayan Sani, kowa ya san da mata da abokai biyu munka tafi. Mu a Hausa ba mu da wannan wahalar, "da" muke jerawa: da matana da Sani da Garba. Turanci "and" guda yake bayarwa a ƙarshe, sauran aikin waƙafi ke yi.

Malam Umaru: Wannan raggon rubutu ne. Ka ce "with Sani, Garba and my wives" magana ta ƙare.

Barista Nasiru: Malam, a aji sake jimla abu ne mai sauƙi, amma in doka ta riga ta fita ba mai sake ta a gaban alƙali. A jihar Maine ta Amurka a da akwai wata doka da ta jera ayyukan da ba a biyan kuɗin ƙarin lokaci a kansu, ta ƙare da "packing for shipment or distribution". Direbobin kamfanin madara na Oakhurst sunka ce su rarraba kaya suke yi, ba su ɗaure kaya, kuma tunda babu waƙafi kafin "or", ɗaurin kaya kaɗai doka ta cire. Kamfani ya ce a'a, ayyuka biyu ne daban. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce jimlar tana da harshen damo, ta karkata ga direbobi. A 2018 aka sasanta kan dala miliyan 5.

Bello: Miliyan 5! Malam, jan bironka zai iya biya?

Malama Hadiza: Kada ku yi wa Malam taron dangi, shi ma waƙafin yana rikita magana. "I greeted my uncle, Sani, and Garba." Mutum nawa na gaida? Ko uku ne, ko kuwa Sani shi ne kawun nawa. A nan cire shi ya fi. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne su zaɓi tsari guda su bi shi daga farkon takarda har ƙarshe, sai inda ma'ana za ta lalace.

Anti Luba: Ni abin da ke damuna, muna ta kan waƙafin da masana ba su daidaita a kansa ba, ga wanda kowa ya yarda kuskure ne cike da takardun yaranmu. Su haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi: "The sun was hot, we went home." Aya ake so a nan, ko waƙafi mai ruwa (;), ko a ƙara "and" bayan waƙafin. Kun ga a nan ma waƙafi kafin "and" daidai ne. Ga "its" da "it's" da ba su rabewa. A insha'in WAEC maki 10 aka ware wa tsaftar rubutu, kowane kuskure rabin maki. Kuskure 20 sun cinye su kaf, kuma yaro na iya tara su kafin ya kai rabin shafi.

Malam Umaru: Wannan na yarda da ke, Hajiya. Saboda makin nan ne ma nake koya masu hanya guda, kada yaro ya shiga ɗakin jarrabawa yana wasi-wasi.

Malama Hadiza: Koya masu hanya guda ba laifi, Malam. Kada dai a ce masu ɗayar haram ce, gobe su gan ta a littafin jami'a su ɗauka marubucin bai iya ba.

Malam Umaru: To na koma kan takardar. A sakin layi na farko ya sa waƙafin, a na uku ya rubuta "goats, sheep and camels" babu. Ko a taku ƙa'idar, jan birona yana da wurin zama.

Bello: A wane sakin layi, Malam, na farko ko na uku?

Malam Umaru: Gobe in ya zo shi zai zaɓa.