Wanda ya zo da mafarki gaban alƙali: me kuka gani da idonku?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ina kallon Eli Stone, shirin Amurka da tashar ABC ta fara nunawa a 2008. Lauya ne a San Faransisko da ya fara ganin abin da ba mai gani sai shi. Ɗan'uwansa likita ya gano wata jijiyar jini ta kumbura a ƙwaƙwalwarsa, mai yi masa magani da allurai irin na China kuma ya ce saƙo ne daga sama. Gane-ganen nasa kan nuna masa ƙarar da zai karɓa, amma a kotu sai ya kawo shaidu da takardu kamar kowa. To a nan gida fa? Wa ya taɓa halartar zaman da wani ya dogara da "an nuna min"?

Tsohon Magatakarda: Wa alaikumus salam. Na gani a rabon gado, lokacin da nake aiki a kotun shari'ar Musulunci. Wani magidanci ya ce mahaifinsu ya zo masa a barci cikin farin kaya, ya ce gonar bakin rafi tasa ce. Yana faɗa yana share hawaye da hannun riga, kuma ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba. Alƙali ya bari ya gama, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya tambaye shi shaidu. Babu. Ya tuna masa cewa hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musa. Ya ƙara da cewa ko da tsohon ya yi wasiyyar da ransa, babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada. Aka raba gonar, 'yan'uwansa mata suka samu nasu kason.

Uwar Biyu: Baba Magatakarda, ku naku ya zo da sauƙi. Gwaggona mai tuyar ƙosai ce. 'Yar maƙwabta ta kwanta da zazzaɓi, cikin sambatu ta ce tana ganin Gwaggo a bakin ƙofa tana kiranta. Kafin la'asar an cika gidan, wai mayya ce, sai ta fito ta tsallake yarinyar. Tsohuwa tana rawar jiki, ɗankwalinta ya faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka ya miƙa mata. A asibiti aka gano zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa kan yarinyar, ta kuma warke. Muka kai ƙara gaban majistare, uban ya ba da haƙuri. Amma daga ranar ba wanda ya sake sayen ƙosanta, dole ta koma ƙauye wurin ɗanta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Barista: Allah ya saka mata, Hajiya. Da yawa ba su san cewa Penal Code, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, ta mai da kiran mutum maye laifi ba, har da ɗauri. Dokar Shaida ta 2011 kuma tana so mai shaida ya faɗi abin da ya gani ko ya ji da kansa. Na sha zaunar da masu ƙara kafin mu shiga, in ce su bar zancen mafarkin, su kawo min takardar filin.

Malamar Asibiti: Ƙanina ya riƙa jin wani wari, ya ga mutane tsaye a ɗaki, sai ya sandare. An daɗe ana ruƙiyya kafin a yi gwajin ƙwaƙwalwa, ashe farfaɗiya ce. Yana shan magani, muna ci gaba da addu'a. Don Allah a riƙa haɗa biyun tun da wuri.

Malam Na Zaure: Mafarkin gaskiya yanki ne ɗaya cikin 46 na annabta, hadisi ne ingantacce, ba mu musa ba. Amma bushara ce ko gargaɗi ga mai shi, malamai ba su gina hukunci a kansa ba. Ko a makon nan na mai da wani da ya zo zai saki matarsa kan abin da ya gani a barci.

Uwar Biyu: Barista, wanda aka yi wa irin wannan ƙazafi zai iya neman diyyar ɓata suna bayan an yi sulhu? Akwai wata a unguwarmu da ke cikin wannan hali yanzu haka.